Jitar feda: da faratan ƙarfe ko da tsurar yatsa?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu, domin ta taɓo min wani tsohon miki. Ka ce shekara 10 kana kaɗa jita da tsurar yatsunka, yanzu Allah ya hore maka jitar feda ta hannu, wato jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur ana zamiya da sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, mai tsirkiya 10 da feda 3 da libar gwiwa 4 masu sauya sautin tsirkiya, kuma mako biyu ke nan kana fama da faratan ƙarfen nan da ake sawa a yatsu. Suna matse ka, suna sarƙewa a tsirkiya, ba ka jin abin da kake taɓawa, amma da zarar ka cire su sai hannunka ya dawo naka. Kana so ka san ko dole ne sai da su.

Ba dole ba ne. Akwai masu kaɗa ta da tsurar yatsa, kuma kiɗansu yana ratsa zuciya. Amma tun da shawarata ka nema, ga ta: ka mayar da faratan hannunka, ka gyara zamansu yadda zan kwatanta maka, ka daure musu na wata uku cur ba tare da ka cire ko sau ɗaya a lokacin gwaji ba. Bayan nan sai ka zaɓa. A yau in ka ajiye su, zafin yatsa ne ya yanke maka hukunci, kunnenka bai ma samu damar magana ba tukuna.

Ni kaina a wannan ramin na faɗa. A kaset ɗin King Sunny Ade na fara jin muryar wannan jita, inda Demola Adepoju yake sa ta kuka a tsakiyar gangunan juju, shi ne kuma wanda Paul Simon ya ɗauka ya kaɗa masa a faifansa na 1986. Da na samu tawa, na sa faratan kwana huɗu na jefa su a aljihun jaka. Shekara ɗaya da rabi ina kaɗawa hannu tsirara, a ɗaki ni kaɗai, kuma wallahi ina jin daɗin abin da ke fita. Ranar da na fara zama cikin ƙungiya, ga mai ganga a bayana ga mai bes a gefe, sai na ɓace ɓat. Na ƙara wa amfilifaya murya, sai gurnanin wuta ya taso tare da kiɗan. Na koma fizgar tsirkiya da ƙarfi, kafin a tashi manuniyata ta yi bororo ta fashe, tsirkiya ta 3 duk jini. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya kama hannuna ya jujjuya, ya ce in kawo faratan da na ajiye. Ya zaro ƙaramar filaya daga akwatinsa, ya yi minti 10 yana lanƙwasa su yana gwadawa a yatsana. Da ya gama sai na ji kamar ba su ne suka gallabe ni ba. Amma sake koyon hannun dama ya ci min kusan wata shida, saboda sai da na warware duk abin da hannun ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa mako biyu kawai ka yi.

Za ka ji masu cewa faratan ragowar zamanin da ne, wai an ƙirƙiro su ne lokacin da babu wutar da za ta ɗaga sauti, yanzu kuwa ga amfilifaya. Rabin maganar gaskiya ne. A Hawai aka haifi wannan salo, wajen 1889, lokacin da Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana zamiya da ƙarfe a kan tsirkiya, kuma makaɗan wancan zamani ƙara suke nema ido rufe. Faratan kamfanin National da har yau ake kwaikwayon siffarsu, a 1930 aka yi musu rajistar mallaka, kafin jitar lantarki ta shiga kasuwa a 1932. To amma duba abin da ya biyo baya. Wuta ta zo, ƙara ta samu, Paul Bigsby ya ƙera wa Speedy West jita mai feda a 1948, Bud Isaacs ya taka feda ana tsakiyar sauti a faifan Webb Pierce a 1953 ya juya kan makaɗan Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri a Amurka, gaba ɗaya, Buddy Emmons ya raba aikin fedar gida biyu a 1956. Duk waɗannan mutane suna da amfilifaya a gabansu, kuma ba su ajiye faratan ba. Su Lloyd Green da Paul Franklin da suka biyo baya ma haka. Mutanen da suka yi ta sauya kusan komai na jikin wannan jita ba za su riƙe abin da yake matse musu yatsa don al'ada kawai ba. Akwai dalili a jikin jitar kanta.

Fara da tazarar tsirkiyoyin. A wajen da hannun dama yake aiki, tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta bai cika milimita 9 ba, alhali a jitar da ka saba ya kai 11 ko ya ɗara. Naman yatsa yana da faɗi, in ya shiga wannan ɗan lungu sai ya gogi maƙwabciya. Bakin farcen ƙarfe siriri ne, yana shiga ya fito bai taɓa kowa ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a saitin E9, wato tsarin da ake ɗaure tsirkiyoyin a kansa, domin tsirkiyoyinsa ba a jere suke kamar matakala ba. Daga ta 1, wadda ta fi nisa da kai, zuwa ta 10 da ke kusa da cikinka, ga yadda suke: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Ka lura ta 3 ta fi ta 1 da ta 2 tsinin murya, sannan ta 7 da ta 9 ba sa cikin kod ɗin E, wato rukunin sautukan da ake bugawa tare. Shi ya sa ba a share tsirkiyoyin nan da hannu ɗaya kamar jitar gida. Tsintarsu ake yi uku-uku: 3-4-5, 4-5-6, 5-6-8, 6-8-10. A biyun ƙarshe sai ka tsallake ta 7, a na ƙarshe har da ta 9, kuma in yatsanka ya ɗan shafi ɗaya daga cikinsu kowa zai ji tsamin.

Sai kuma maganar da ta fi komai nauyi a wurina, wato yadda sauti yake rayuwa a wannan jita. Tsirkiya ba ta kwanciya a kan komai sai sandar ƙarfen da ke hannunka na hagu, layukan da kake gani a ƙasa zane ne kawai don ido. Dogon kukan nan da ya sa ka ƙaunaci jitar feda, wanda sauti yake miƙewa kamar ba zai mutu ba, ƙafar dama ce take yin sa. Kana bugun tsirkiya da ƙarfi alhali fedar murya, wadda take ƙara ko rage ƙarar sauti, tana ja baya, sannan yayin da sautin yake raguwa sai ka riƙa taka ta a hankali kana cike gurbin abin da ya tafi. Ke nan kana buƙatar ajiya, bugun farko mai ƙarfi kuma mai haske da za ka yi ta ci daga cikinsa na daƙiƙa biyar ko shida, kana taka feda A da B, tsirkiyar B ta hau C#, ta G# ta hau A, kod ɗin E ya rikiɗe ya zama A ba ka sake taɓa tsirkiya ba. Naman yatsa yana shanye tsinin sautin tun a wurin bugu, ya ba ka amo mai taushi amma gajeren numfashi. Sai ka ga ka kai fedar murya ƙarshe tun sautin bai yi nisa ba, babu sauran abin ƙarawa. A ɗaki ba za ka gane ba. Cikin ƙungiya, inda bes da ganga suka cinye ƙasan sauti, wannan hasken na sama shi ne kaɗai ƙofar da kake fitowa ta ciki.

Kana iya cewa za ka tara faratanka na jiki. Na gwada. Tsirkiyoyin nan na ƙarfe ne kuma a ɗaure suke tamau. Ta 3 kaurinta 0.011 na inci ne, an ja ta har G#, feda kuma tana ƙara jan ta zuwa A, shi ya sa ta fi kowace yawan tsinkewa. Awa biyu a kansu suna cin farce kamar zarto, kuma ranar da ya tsage sautinka ya canza ke nan sai ya sake tsirowa. Wasu suna liƙa faratan roba irin na gidan kwalliya. Suna aiki, amma in kai mai sallah ne ka san matsalarsu wajen alwala, tun da ruwa ba ya kaiwa ga farcen. Na ƙarfe kuwa ka zare ka ajiye.

Yanzu bari in ba tsurar yatsa haƙƙinta, don ba na so ka ɗauka raina ta nake yi. Daniel Lanois, mutumin Kanada da ya shirya wa U2 faya-fayai, da yatsunsa yake kaɗa jitar fedarsa ƙirar Sho-Bud, kuma amon da yake samu, mai kauri kamar hazo, farcen ƙarfe ba zai ba ka shi ba. Nama yana da launuka da yawa: gefen yatsa daban, tsakiyarsa daban, ɗan haɗawa da farce daban. Kashe sauti ma ya fi sauƙi, yatsan da ya buga shi ne zai koma ya kwanta a kan tsirkiyar shiru, babu ƙas ɗin ƙarfe. Ga kuma yatsa huɗu ko biyar a hannunka maimakon uku, abin da yake da amfani ƙwarai a saitin C6 inda ake son kod mai sauti huɗu a bugu ɗaya, ko da yake wasu suna magance wannan da ƙara farce na uku a yatsan zobe. Ni ma yau in aka ba ni waƙa mai sanyi a situdiyo, wadda ake so jitar ta zama kamar iska a bayan mawaƙi, sau da yawa zare su nake yi. Bambancin shi ne ina iya mayar da su a waƙa ta gaba. Wanda ya iya da farata, cirewa ba ta ɗaukar masa mako guda ya saba. Wanda ya taso babu su, ranar da aiki ya nemi gudu da tsabtar kiɗan kantiri, sabon ɗalibi zai koma. Ka kuma lura irin kiɗan da Lanois yake yi: a hankali, mai faɗi, shi ne kuma mai iko da na'urar haɗa sautin. In can zuciyarka ta nufa, kuma ka tabbata, to hanyarka a buɗe take. Amma ba ka faɗa min haka ba, ka ce min suna yi maka ciwo ne.

To mu zo kan ciwon, domin a nan nake zargin matsalarka take. Farcen da ya fito daga leda ba a gama ƙera shi ba, kai ne za ka ƙarasa. Abu na farko, kuma kada ka ji kunya in ya same ka don ya sami mutane da yawa: harshen farcen a gefen naman yatsa yake zama, ya lanƙwaso ya bi kan yatsan zuwa sama, ba a bayan farcenka na jiki ba. Zoben kuma ya zauna tsakanin gindin farce da gaɓar farko. In ya hau daidai kan fatar gindin farce, nan ne yake yanka, nan ne kuma yake sa yatsa ya yi tsami bayan minti 20.

Nemi ƙaramar filaya mai dogon baki, ka naɗe bakinta da salatif don kada ta karce ƙarfen. Yatsa ba zagayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai kwance, saboda haka ka ɗan danne zoben ya bi siffar naka, ya riƙe ta gefe da gefe maimakon ya danna ta sama. Ya kama har in ka yarfa hannu ba zai fita ba, amma kan yatsan kada ya canza launi. Sannan harshen: sabon farce yakan miƙe tsaye ya yi tsawo, shi ya sa yake sarƙewa. Tanƙwara shi ya rungumi kan yatsa, abin da zai leƙo ya wuce nama kada ya fi milimita 2 zuwa 3. Daga nan ka zauna gaban jitar, ka ɗora hannu yadda kake kaɗawa, a ɗan dunƙule kamar ka riƙe lemo, gefen tafin yana kusa da tsirkiyoyi. Za ka ga yatsunka a karkace suke zuwa wa tsirkiya. In farcen yana zaune daidai tsakiyar yatsa, da gefensa zai riƙa karta, ka ji wani ƙaiƙayi a cikin sautin. Murɗa shi kaɗan a kan yatsan har faɗin harshen ya haɗu da tsirkiya sosai. Bayan mako guda ka duba inda ƙarfen ya fara sheƙi: in a tsakiya ne ka dace, in a gefe ne ka ƙara murɗawa.

Kauri ma yana da magana. Kamfanin Dunlop suna yin nasu daga 0.013 har 0.025 na inci. Siririn ya fi daɗin sawa da sauƙin lanƙwasawa, amma yana buɗewa da kansa kuma amonsa bai cika ba. Ina ba ɗalibaina 0.018 su fara da shi, in hannu ya zauna su hau 0.0225 ko 0.025. Akwai kuma irin na ProPik da aka huda wa tsakiya don nama ya riƙa taɓa tsirkiya, wanda aka yi domin mutane irinka da suka fito daga jitar yatsa. Ba laifi ka gwada, ko da yake ni na fi son ka saba da na asali tukuna.

Na babban yatsa na roba ne. In ya matse ko ya yi sako-sako, tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka fito da shi ka gyara, ka jefa a ruwan sanyi. Kada ka kusantar da shi ga wuta ko ashana, wasunsu da seluloyid ake yi, kamawa yake yi ƙurmus cikin ƙiftawar ido. In harshensa ya yi tsawo ka rage shi da sanfefa mai laushi, domin dogon harshe yana tilasta wa babban yatsa ya ɗaga sama, hannu duka ya tashi daga inda ya kamata. Zamewa kuma, musamman lokacin hunturu da fata take bushewa, maganinta mai arha shi ne ka ɗan jiƙa yatsan kafin ka sa. Wasu suna sa wa zoben rigar robar nan da masu gyaran waya suke ƙanƙamewa da zafi, tana hana zamewa tana kuma rage yanka.

Wani zai ce maka ka sa na babban yatsa kawai ka bar sauran tsirara. Akwai masu yin haka da kyau, amma ga mai koyo ina ganin ya fi kowanne wuya, saboda tsirkiyar ƙasa za ta fito da ƙarfi, biyun sama su biyo ta a raunane, alhali galibi a sama waƙar take.

Kukan da ka yi cewa ba ka jin tsirkiya, wannan gaskiya ne, kuma zai wuce. Jin yana dawowa ta cikin ƙarfen, kamar yadda mai rubutu yake jin takarda ta bakin alƙalami. Abin da yake kawo shi shi ne maimaici a hankali. Kullum ka ware minti 15 na farko, sandar tana kan layi na 3 ba motsi, ba feda, ba liba. Ɗauki 3-4-5 sau huɗu, ka kashe, 4-5-6 sau huɗu, ka kashe, haka har 6-8-10 ka dawo, kana saurara ko sautin ukun sun fito da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya. Da amfilifaya a kunne za ka yi, don in babu shi za ka koyi duka fiye da kima. Kada ka tura farcen can ƙasa tsakanin tsirkiyoyi, bakinsa kawai ake so, kuma motsin daga gaɓar yatsa yake fitowa, hannun yana zaune. In mako biyu suka wuce sai ka daina kallon hannun dama, idonka ya koma kan sanda inda aikinsa yake.

Kashe sautin nan da nake ta ambata shi ne rabin aikin hannun dama, domin tsirkiyar wannan jita in ba ka tsayar da ita ba ba ta shiru, sai sautuka su hau kan juna su zama kunu. Hanya biyu ce. Ta farko, gefen tafin hannu ya sauko ya taɓa tsirkiyoyi tsakanin bugu da bugu, hannun yana ɗan tsalle. Ita ce tsohuwar hanya, tana ba da sauti mai yankewa tsaf. Ta biyu, farcen da ya buga ya koma ya zauna kan tsirkiyarsa a daidai lokacin da wani yatsan yake bugun tasa, wadda aka fi sanin Paul Franklin da ita, kuma tana ba da gudu mai santsi. Ga albishir a nan: wannan ta biyun ita ce abin da yatsunka suka shekara 10 suna yi a jita ba ka sa mata suna ba. Da farko za ka ji ƙas-ƙas in ƙarfe ya sauka kan tsirkiya mai rawa. Yana raguwa in saukar ta zo daidai da bugun na gaba, sabon sautin ya rufe shi. Ka fara da ta tafin hannu na wata guda don hannunka ya koyi zama ƙasa, sannan ka shigo da ɗayar.

Kada kuma ka sa wa ranka cewa hannunka ne bai dace ba. Makaɗin Amurka Jerry Garcia ya rasa mafi yawan yatsansa na tsakiya na hannun dama tun yana yaro, kuma ya kaɗa jitar feda a faya-fayan da har yau ake saurare.

In wata ukun suka cika, ɗauki wayarka ka naɗi jimla ɗaya sau biyu, da farata da kuma babu, a kan kiɗan da yake da ganga da bes, ba kai kaɗai ba. Bar shi ya kwana, washegari ka saurara daga ɗaya gefen ɗakin. Wanda kunnenka ya zaɓa a ranar, bi shi, ko da ya saɓa wa nawa. Kafin nan, in ka samu zaman da ya yi maka daidai, sayi wasu biyu ka lanƙwasa su irinsa tun na farkon suna hannu, ka yi wa na manuniya ɗan karce a ciki don kada ya musanyu da na tsakiya. Samo musu ƙaramin gwangwani mai murfi, domin a aljihun wando suna lotsewa, kuma kada ka ara wa kowa, ko minti biyar ne, yatsansa zai buɗe maka zoben.